Mazari Goma Sha Tara

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau shekara talatin da ɗaya da fitowar littafin Farfesa. Nasa, in ji bangon littafin. Ni na yi wata goma sha huɗu ina yawo a ƙauyuka goma sha ɗaya na kwarin nan kafin a rufe madatsa ruwa ya shanye su. Ni na sha zazzaɓi a rumfunan mutane, ni na karɓo kaya ɗari huɗu da sittin da uku hannu da hannu, kowanne da labarinsa. Aikin digirina na biyu ke nan, a fannin adana kayan tarihi. Na miƙa masa babi uku ya duba, bayan shekara biyu na tarar da su a kantin littattafai, ko waƙafi bai canza ba. Sunana yana nan cikin waɗanda aka gode wa, tsakanin direba da mai buga tafireta. Kura da shan bugu.

Digirin an ba ni, ba laifi. Na ukun da aka yi mini alkawari ne ya bi iska. Aka ce in riƙe ɗakin ajiya na gidan tarihi kafin a ga yadda za a yi. Har yau ana gani.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a makon da littafin ya fito na kwashi littattafai tara da na cika da rubutu a ƙauyukan, na zuba su a tsohuwar garwa a tsakar gida, na kyasta ashana. Na ce ba mai sake cin gumina. Katunan da ke durowa lamba ce kawai a jikinsu, da sunan abu, da tsawonsa. Wane ne ya bayar, daga wane ƙauye, me ya ce da yake bayarwa, duk suna kaina. Kowace safiya nakan zagaya kantoci ina bitarsu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yin tuntuɓe ba.

Ƙarshen Maris zan yi ritaya. Mu ga yadda za su yi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Takarda daga Darakta. Za a shigar da komai a kwamfuta. Duk abin da ba a san asalinsa ba za a fitar da shi daga rajista, a kai rumfar baya, 'yan makaranta su riƙa taɓawa. Daraktan nan ni na koya masa ɗaukar tukunya da hannu biyu. Matakala goma sha shida ce tsakanin ofishinsa da ɗakina, ya aiko da takarda.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An turo mini ɗaliba daga jami'a, mai yin digiri na biyu. Na zaci yarinya ce mai latsa waya, sai ga mace ta haura arba'in, shekararta goma sha takwas tana koyarwa a firamare. Malama nake ce mata. Ita kuwa Baba.

Na ce ban haife ki ba. Ta ce, “To Baba Malam.” Ba ta ko yi murmushi ba.

Kafin ta zauna ta buɗe jaka ta fito da 'yar takarda da aka naɗe a leda. Rubutuna ne, da fensir: 7/31.

Haka muke yi a lokacin. A ƙauye nakan ba abu lambar fensir, ta ƙauye a farko ta abin a bayanta, in yaga rabin takardar in ba mai shi shaida. In an kawo gidan tarihi sai a rubuta masa wata lambar dabam da tawada a jikinsa. Abin da ya haɗa lambar fensir da ta tawada yana cikin littattafan nan tara.

Ta ce na Innarta ne, mazari. Tana 'yar shekara bakwai lokacin. Innar ta gaya mata mata biyar ne suka yi kaɗi da shi kafin ita, uwa ta ba 'ya, kuma ta jero wa wani saurayi mai tabarau sunayensu ya rubuta. Duk sa'ad da Malama ta tambaye ta sunayen sai ta ce, “Ke dai, suna can a rubuce, ba za su ɓata ba.” Daga baya jikinta ya shanye, ta yi shekara biyu ba magana. Bara ta rasu.

“Don haka na koma makaranta da furfura, Baba. In ba ɗaliba ba, wa zai bar ni in shigo nan?”

Na san shi. Mazari goma sha tara gare mu, a kanta ta ƙarshe, na san wanne ne nata ko ido rufe. Na tuna matar, zaune a kan turmin da aka kifa, tana ƙirga su da yatsu tana dariyar yadda nake rubutu da sauri. Sunayen biyar suna bakina kamar na 'ya'yana.

Na ce mata littattafan sun tafi da Farfesa, shi kuma ƙasa ta rufe masa ido. Na ce wataƙila in tuna wani abu, amma aiki yana da tsari. Sai Darakta ya sauko da ƙafarsa, kuma sai an rubuta sunana a kan kundin kayan da za a fitar daga kwamfuta.

Ba zan rubuta sunayen a nan ba. Takarda ba ta riƙe amana, na gani.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na buɗe ɗaki ƙarfe takwas, na tarar da sakatar ƙofa ta itace a kan teburina. Ba na barin komai a tebur, shekara talatin. Makulli ɗaya ne, yana kwana wajen mai gadi.

Da na ɗaga ta, a jiƙe take. Ba danshi ba, jiƙa, har ta bar shata a kan takardar Darakta. Wata uku ba a yi ko yayyafi ba. Na duba rufi, na duba na'urar auna danshi, allurarta tana inda take kullum.

Na shanya ta, na mayar. Na tsaya gabanta in faɗi ta wane ce, sunan ya ƙi zuwa.

Gajiya ce.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ba sakatar kaɗai ba ce. A zagayen safe na tarar da gurbi nan da can a kaina, kamar bakin da haƙora suka zube. Tukunya biyu, wata kujera, ƙugiyoyin kamun kifi. Ina ganinsu, na san nauyinsu, na san inda suka tsage. In na nemi mai su, sai shiru. Na ƙirga talatin da takwas.

Malama tana auna tukwane da safar hannu, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na ce ba a waƙa a ɗakin ajiya. Ta ce wace doka ce, shafi na nawa?

Jumma'a, 14 ga Fabrairu

Darakta bai sauko ba. Na haɗu da shi a bakin mota, ya ce, “Ranka ya daɗe, ai duk aikin gida ne, suna ba shi ne ba.” Sunansa a ƙofa da baƙin tagulla.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Filafilin kwalekwale, a kwance a tebur daga wannan gefe zuwa wancan. Ruwa yana ɗiga daga bakinsa zuwa siminti. Ɗakin yana warin laka.

Na je wajen mai gadi na ce ya ba ni littafin karɓar makulli. Sa hannuna biyu ne a yau: ɗaya ƙarfe shida da minti goma, ɗaya ƙarfe takwas. Na takwas ɗin na sani, yana rawa kamar yadda hannuna ya koma. Na shida ɗin a miƙe yake, da doguwar jelar nan da nake ja a ƙarshe lokacin ina ɗalibi. Na daina jan ta tun ban yi aure ba.

Na ce wa ya karɓa? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ubansa.

“Kai mana, Malam. Har ka gaishe ni, abin da ba ka saba ba. Na ce yau an tashi ta hannun dama.”

Na ce da me na zo? Ya ce ba komai. Sai dai wando a naɗe zuwa gwiwa, ya zaci famfo ne ya fashe mana a gida.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na tambayi matar gidan ina nake jiya ƙarfe shida. Ta ce, “Kana nan kana yi mini ƙorafin sukari ya yi yawa a shayi, ina za ka?” Ta ci gaba da goge kofi. Can ta tsaya. “Ko shekaranjiya ce?”

Ta ce in bar ta ta kira 'yarmu, tunda ma'aikaciyar jinya ce. Na ce ba asibiti nake nema ba, amsa nake nema. Ta ce tun da ta aure ni amsa nake nema, Allah ya sa a dace.

Kaya arba'in da huɗu suka fice mini daga kai tare da filafilin.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na ce wa Malama ta ɗauko kwamfutarta, zan fara faɗa mata. Ban jira Darakta ba. Ba don na sauko ba, don dai aikin ya yi sauri.

Ta yi murna har ta tuntsurar da kujera. Ta ce, “Mu fara da na Inna.”

Na ce ba a fara rajista daga tsakiya. Lamba ta ɗaya, sannan ta biyu. Wanda ya tsallake lamba shi ke haifar da ruɗanin da wani zai yi shekara goma yana warwarewa. Abin da na koya ke nan, abin da na koyar ke nan. Lambobin tawada kuwa bisa nau'i aka jera su, tukwane a farko, mazari a can ƙarshe.

Ta ce, “Baba, minti ɗaya ne fa.” Na ce to me ya sa ba za ki jira shi ba?

Mun yi tara yau. Ba na iya faɗin abu a gajarce. Tukunya ta huɗu ta wata makauniya ce da ke gane ruwan kowace rijiya da ɗanɗano, sai da na yi rabin awa a kanta. Malama ta rubuta duka, har da inda na yi tsaki.

Gaskiya ita ce ina son ta zauna. Ranar da ta samu sunayen nan, me zai sake sauko da ita wannan rami? Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni komai sai ina makullin banɗaki.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Fitilar yumɓu, cike da ruwa fal a inda mai yake zama.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na zo ƙarfe shida saura, in ga mai zuwa. Na zauna a bencin mai gadi, makulli a rataye a ƙusa gabanmu. Gari ya waye, masu shara suka zo suka wuce, ba wanda ya taɓa shi. Mai gadi ya ce in dai zan riƙa taya shi gadi to mu raba albashi.

Takwas ta yi na buɗe. Tebur a bushe, ba komai. Na ji daɗi kamar yaro.

Sai da na zo zagaye na ga sawu a tsakanin kanta ta uku da ta huɗu. Ƙafa ba takalmi, a jiƙe, taku shida, sun tsaya a gaban bango. Na cire takalmina na gwada. Ban san me ya sa na yi haka ba. Da ban yi ba.

Na goge kafin Malama ta zo.

Litinin, 3 ga Maris

Ƙararrawar wuyan saniya. Da na ɗaga ba ta yi ƙara ba, laka ce cike a cikinta.

Mun kai lamba hamsin da biyu, amma rabin da muka wuce na ce mata mu tsallake, za mu dawo. Ni da na ce ba a tsallake. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yaran da ba su yi aikin gida ba. Ta kawo mini ruwa a kofi, na ce ta fitar da shi daga ɗakin nan.

Asabar, 8 ga Maris

'Yar tamu ta zo, wai hanya ce ta biyo da ita. Hanya mai awa huɗu. Tana ta yi mini tambayoyi cikin hira: yau wace rana, me na ci da safe, in maimaita mata abu uku da ta faɗa ɗazu. Na faɗa mata ukun, na ƙara mata da ranar da ta fasa mini tabarau tana 'yar shekara biyar. Ta yi dariya. Uwar ba ta yi ba.

Ba abin da na manta a gidan nan. Ba hanya, ba fuska, ba kwanan wata. Kwarin ne kaɗai ke tafiya. Wane irin ciwo ne mai zaɓe?

Talata, 11 ga Maris

Jiya dutsen niƙa. Ƙarti biyu ke ɗaga shi. Ban ga alamar an ja shi a ƙasa ba.

Sai da na kira masu shara suka mayar. Ɗaya ya ce, “Malam, kai kaɗai ka ɗora wannan? Ashe tsufan na ado ne.”

Jumma'a, 14 ga Maris

Safiyar yau wata 'yar kujera ce. Ba Litinin ba. Abin ya ƙara sauri.

Na hau sama ɗakin karatu na ɗauko littafin Farfesa. Ban taɓa buɗe shi ba tun ranar kantin. Jerin kaya ba ya ciki, yana babi na huɗu da ban ba shi ba, shi ma garwa ta cinye shi. Amma taswirata tana nan a tsakiya, wadda na zana da hannuna, ƙauyuka goma sha ɗaya daga bakin kogi zuwa gindin tsauni, na ba su lamba daga ƙasa zuwa sama.

Na zauna ina gwada abin da ya rage mini. Ƙauye na ɗaya: ba ko fuska ɗaya. Na biyu, haka. Na uku, na huɗu, na biyar, na shida. Na bakwai yana nan garau, har warin hayaƙinsa. Na takwas zuwa sama duk suna nan.

Haka ruwan ya ci su. Na gani da idona a lokacin, daga kan tsauni, yana hawa ba gaggawa, mako-mako, rufin ɗakuna yana nitsewa. Ashe bai gama ba.

7/31.

Na sauko da gudu, ni da gwiwar nan. Malama ba ta nan. Ta bar takarda a kan kwamfuta: an kira su jami'a gabatar da rahoto, sai Litinin. Lambar wayarta tana ƙasan takardar.

Na riƙe wayar. In na kira, sai ta ce me ya sa yau, me ya sa ba ranar farko ba. Sai in faɗi maganar garwa. Wannan ba maganar waya ba ce. Litinin zan sa mata mazarin a hannu, in faɗi sunayen tana rubutawa, in faɗi sauran. Kwana uku ne. Na maimaita su yanzu, biyar cif.

Asabar, 15 ga Maris

Biyar. Na faɗe su da safe, na faɗe su da rana.

Lahadi, 16 ga Maris

Da hantsi ina zaune a tsakar gida na ji sanyi a tafin ƙafa, kamar na taka tabarmar da aka wanke. Ƙasa a bushe. Na tsorata. Na ce takarda ko ba ta da amana ta fi babu. Na ɗauko kati na rubuta su a jere, ɗaya zuwa biyar, hannuna ko rawa bai yi ba. Na ajiye a kan tebur na yi ajiyar zuciya.

Matar gidan ta zo ɗaukar kofi, ta karanta.

“Lafiya ka jera ƙannena a takarda? Gado za ka raba musu?”

Na karɓa na duba. Ƙannenta ne, su huɗu, bisa tsarin haihuwa. Ta biyar ita ce.

Ta ga fuskata, ta daina dariya. Ta zauna kusa da ni har inuwa ta bar wajen.

Litinin, 17 ga Maris

Mazarin nan duka goma sha taran a kan tebur, an jera su daidai da juna kamar mai neman wani a cikin gawawwaki. Kowanne da ɗan tafkinsa a ƙasa.

Na shanya su ɗaya-ɗaya. Na juya kowanne. Akwai mai ƙuna a baki, akwai mai tsagi uku, akwai wanda hannu ya cinye tsakiyarsa har ya yi sheƙi. Kowanne na ɗauka sai ya yi kamar shi ne.

Tara saura Malama ta shigo da fara'arta, wai malamanta sun yaba da labarin makauniyar. Ta ga tebur ta tsaya. Ta ajiye jaka a hankali.

“Yau ne, Baba?”

Mai sheƙin yana hannuna. Abin da sauƙi. In miƙa mata in ce ga shi, in jero sunaye biyar na tsofaffin mata, wa zai ƙaryata ni? Duk wanda ya sani yana ƙarƙashin ruwa ko ƙarƙashin ƙasa. Za ta yi kuka, ta rubuta, a shigar a kwamfuta, ya zama gaskiya har abada. Har na buɗe baki.

Ban san abin da ya hana ni ba. Ba kirki ba ne. Wataƙila dai ban taɓa rubuta ƙarya a kati ba, kuma tsufa ya yi mini yawa in koya.

Na faɗa mata. Garwa, ashana, duka. Na ce Farfesa ya ci babi uku, sauran ni na ci.

Sai ta ce, “Ranar da na zo, ka san su?”

Na ce na sani.

“Ranar da na ce minti ɗaya?”

Na ce na sani.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi. Ta sa safar hannu, ta ɗauki ma'auni, ta fara auna su daga na farko. Kowanne takan riƙe shi ya ɗan wuce yadda aunawa ke bukata. Da ta gama ta ce, “Ina za a mayar da su, Malam?”

Laraba, 19 ga Maris

Ta zo. Ban zaci za ta zo ba. Ta ce mu bar tsarin lamba, mu kama ƙauyukan sama tun suna nan. Ban yi gardama ba. Ba hira, ba waƙa. Ina faɗa tana bugawa, in na fara dogon labari ta ce, “Suna da ƙauye, Malam. Wuce.”

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna fafewa dai.

Jumma'a, 21 ga Maris

Ƙauye na takwas ya tafi jiya, muna tsakiyarsa. Yau na tara. Ban ƙara duba littafin mai gadi ba.

Laraba, 26 ga Maris

Darakta ya sauko. Matakala goma sha shida, da ƙafarsa. Malama ce ta je ta same shi, ban san me ta gaya masa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci, wai a duba bututu. Ya ce za a sa sunana a kan kundin, da manyan baƙi, kuma kayan kwarin ba za a kai su rumfar baya ba, ko da asali ko babu. Ya jira in yi godiya.

Na ce ya bar maganar sunan. Ya zaci fushi ne, ya yi ta lallashi.

Ƙauye na goma sha ɗaya ya rage, na gindin tsauni. Gida shida ne kawai. Mun gama shi kafin azahar, muna gamawa na ji kunnuwana sun toshe kamar mai nutso.

Litinin, 31 ga Maris

Tebur a bushe yau. Ɗakin ba ya warin komai.

Kwana uku na yi ina cike katunan da suka rage, da tawada, da hannuna. A layin asali na rubuta: ba a sani ba, bayanan sun salwanta a hannun mai tattarawa. Na sa hannu a ƙasan kowanne. Malama ta ce kwamfuta za ta iya yi a minti biyu. Na ce na sani.

An yi ɗan taro a sama, lemo da jawabi, an ba ni agogon bango. Na miƙa makulli. Mai gadi ya ce in riƙa leƙo su, na ce in ya gan ni da sassafe kada ya ba ni makulli.

Malama ta raka ni bakin titi, ta riƙe mini agogon har na samu mota. Ta ce ta canza batun kundinta, a kan mazari goma sha taran za ta rubuta, dukansu. Ban tambaye ta me za ta ce a kaina ba. Hakkinta ne.

Alhamis za mu je wajen likitan da 'yar nan ta samo. Don su bar ni in huta ne kawai. Na ce wa matar gidan ta shiga tare da ni, ko zai tambayi abin da ita ta fi ni sani.

Ɗari huɗu da sittin da uku na karɓo. Saba'in da ɗaya an san masu su. Ɗari uku da casa'in da biyu ba su da kowa. Mata biyar sun yi kaɗi da mazari ɗaya, babu sauran wanda ya san sunan ko guda a cikinsu.